Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Zaɓen Makarantar Soja da Nauyin Alƙawari

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, kuma zuwa da kai ya fi aike. Waɗannan karin magana guda biyu sun zauna daram a zukatanmu, har ta kai ba mu cika tsayawa mu tambayi inda iyakarsu take ba. Amma akwai wasu al'amura na rayuwa waɗanda ido, komai kaifinsa, ba ya iya kaiwa gare su a lokacin da ake bukatar yanke shawara, domin abin da za a yanke shawarar a kansa bai riga ya auku ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan al'amura shi ne na matashin da ya kammala sakandare, ya ƙudurta zama hafsan soja, sannan ya sami kansa a gaban makarantu fiye da ɗaya, kowace tana kiransa ya zo ya gane wa idonsa kafin ya zaɓa. Zai je ya ga gine-gine da filin fareti da ɗakunan kwana, ya komo gida da ƙwarin guiwa. Sai dai kuma abin da zai sa wa hannu a takarda ya zarce gine-gine, domin shekarun ƙuruciyarsa ne zai bayar, kuma mai yiwuwa har da ransa.

A wannan maƙala za mu ɗauki ƙasar Amurka a matsayin fagen nazari, saboda can ne wannan zaɓi ya fi fitowa fili, tun da makarantun hafsoshi na gwamnatin tarayyarsu guda biyar ne, kowace da sharuɗɗanta a rubuce. Tambayoyi uku za mu bi diddiginsu. Me ziyarar gani da ido take nunawa, me kuma take ɓoyewa? Shin alƙawarin da yaro ɗan shekara 17 ko 18 ya ɗauka a kan abin da bai sani ba yana hawa kansa? In har yana hawa, ina iyakarsa? Daga ƙarshe za mu waiwayo gida, mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Makarantun da sharuɗɗansu

Mafi daɗewa a cikin makarantun ita ce ta West Point, wadda aka kafa a 1802 a bakin kogin Hudson cikin jihar New York, domin horar da hafsoshin sojan ƙasa. Ta biyu ita ce ta Annapolis a jihar Maryland, wadda aka buɗe a 1845, kuma daga cikinta ake samun hafsoshin sojan ruwa da na sojan kundumbala. Ta sojan sama, wadda ke gindin duwatsu kusa da garin Colorado Springs, an kafa ta a 1954, ta yaye ɗalibanta na farko a 1959. Sauran biyun ƙanana ne: ta dakarun tsaron gaɓar teku a New London, da ta jami'an jiragen ruwa na kasuwanci a Kings Point. Tun daga 1976 ake ɗaukar mata a manyan makarantun uku, kowace kuwa tana ɗauke da ɗalibai fiye da 4,000.

Shiga waɗannan makarantu ba abu ne mai sauƙi ba. A manyan ukun, sai mai nema ya kai shekara 17 amma bai kai 23 ba, ba shi da aure, ba shi da wanda ciyarwarsa ta rataya a wuyansa, ya ci gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, sannan ya sami ɗan majalisar tarayya, ko wata hukuma da doka ta amince da ita, ya tsaya masa. Wanda ya dace, zai yi karatun digiri na shekara huɗu ba tare da ya biya ko kwabo ba. Abinci da masauki da magani duk gwamnati ta ɗauke masa, har da ɗan albashi duk wata. A ƙasar da iyalai da yawa ke cin bashi mai nauyi kafin su kai ɗa jami'a, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

To, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kammala, ya rataya anini ɗaya a kafaɗa, wajibi ne ya yi wa ƙasa aikin soja na aƙalla shekara biyar, sannan ya ƙara wasu shekaru uku a sahun sojojin ko-ta-kwana, waɗanda ake iya kira in bukata ta taso. Wanda aka koya wa tuƙin jirgin sama bashinsa ya fi haka nauyi: shekara goma a sojan sama, shekara takwas a sojan ruwa, kuma ba a fara ƙirga su sai bayan ya gama koyon tuƙin. Ke nan yaron da ya shiga yana ɗan shekara 18 da burin tashi sama, ba zai sami 'yancin tuɓe kaki ba sai ya haura shekara 30.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya kamata mu riƙe shi da kyau, domin a kansa muhawararmu za ta juya. A cikin shekara biyu na farko ɗalibi yana da damar ya ce ya fasa, ya kama gabansa, ba a bin sa komai. Amma daga ranar da ya shiga aji a farkon shekara ta uku, ƙofa ta rufe. In ya fita bayan wannan rana, ko dai ya yi aikin soja a matsayin ƙaramin soja marar anini, ko kuma ya biya gwamnati kuɗin da ta kashe masa. A Annapolis ɗalibai kan sa hannu a wata takarda da suke yi wa laƙabi da biyu don bakwai, wato bayan shekara biyu da suka yi, sun amince da wasu bakwai: biyu na ƙarasa karatu, biyar na aiki.

Abin da ido ke gani

Kowace makaranta tana da tsarin karɓar baƙi. Akwai ziyarar yini guda, akwai wadda mai nema zai kwana a ɗakin ɗalibai ya bi su aji, akwai kuma shiri na kusan mako guda da ake yi a lokacin hutu domin 'yan sakandare su ɗanɗani rayuwar bariki. Ba mu raina amfanin wannan ziyara ba. Yaron da bai taɓa tashi da asuba da ƙarar bigila ba, ko bai taɓa jin wanda ya girme shi da shekara biyu kacal yana daka masa tsawa ba, yana da kyau ya san ko ransa zai ɗauki wannan. Haka kuma wanda zai je Colorado Springs yana da kyau ya ji yadda numfashi ke yi wa mutum wuya in yana gudu a tudun da ya haura mita 2,000. Wannan duk ilimi ne da ba a samunsa a cikin takarda.

Sai dai ya kamata mu tuna cewa baƙo, ko da yana da ido, makahon gari ne. Abin da aka nuna masa shi yake gani, mai masauki kuma ba ya fara kai baƙo bayan ɗaki. Ranar ziyara rana ce ta ado: badujala na tashi, takalma na ƙyalli, tutoci na kaɗawa, dubban samari na taku ɗaya kamar mutum guda. Zuciyar ɗan shekara 17 ba ta da katangar da za ta tare irin wannan kwarjini. Ba zai ga makonni shida na horon farko ba, wanda ke farawa a ranar da za a ba shi abin da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba ya yi ban kwana da iyayensa, a aske masa kai. Ba zai ga daren da barci ya ƙaurace masa ga jarrabawar lissafi da safe ba.

Ko da ma ziyarar ta nuna masa dukkan wannan, da sauran rina a kaba, domin iyakar abin da za ta iya nunawa shi ne makaranta, makaranta kuwa shekara huɗu ce kawai. Abin da ya fi tsawo, kuma ya fi haɗari, yana bayanta. Wanda ya zaɓi Annapolis saboda kyan kogi da fararen kaya, a haƙiƙa ya zaɓi zaman watanni a cikin teku nesa da iyali, ko zama a jirgin ƙarƙashin ruwa inda ake yin makonni ba a ga rana ba. Wanda ya zaɓi West Point ya zaɓi ya jagoranci samari talatin ko arba'in a ƙasa, cikin ƙura da laka, yana ɗan shekara 22 ko 23. Wanda ya zaɓi makarantar sojan sama saboda mafarkin tuƙi, ya sani cewa ba duk wanda ya fita daga cikinta ne yake zama matuƙi ba, raunin ido kaɗan ya isa ya mai da shi wani fanni. Daɗin daɗawa, a dukkan makarantun ɗalibi yana bayyana fannin da yake so ne kawai, amma bukatar rundunar ita ce ke da magana ta ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, matashi yakan auna makarantun da ma'aunin shekara huɗu, alhali kuwa bashin da zai ɗauka ana biyansa ne a wani wuri da ba a kai shi ya gani ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Misalin Dwight Eisenhower yana da amfani a nan. Ɗan talakawa ne daga jihar Kansas, wanda rashin kuɗin jami'a ya sa ya nemi makarantar da ba a biya. Annapolis ya fi so, amma aka tarar shekarunsa sun wuce ƙa'idarta, sai ya shiga West Point a 1911, ya fita a 1915. A cikin ɗalibai 164 da suka fita tare da shi, 59 sun kai muƙamin janar. Shi ne ya jagoranci rundunar ƙawance da ta sauka a gaɓar Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, ya kuma shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961. Babu ziyarar da za ta iya nuna masa ko ɗaya daga cikin waɗannan a 1911. Makarantar da ta zama zaɓinsa na biyu ita ta yi masa rana, domin abin da ya yi da alƙawarin bayan ya ɗauke shi ya fi tasiri a kan ƙofar da ya bi ya shiga.

Cinikin biri a sama

A nan ne mai ja da wannan tsari zai miƙe ya ce: in har yaro bai ga abin da yake sa wa hannu ba, to wannan ai cinikin biri a sama ne, kuma hankali bai yarda da irin wannan ciniki ba. Zai ƙara da cewa ɗan shekara 18 bai gama sanin kansa ba, balle ya san duniya. Mutumin da zai biya bashin yana ɗan shekara 26 ya riga ya zama wani mutum dabam, mai mata, wataƙila da ɗa, mai wasu ra'ayoyi da yaron bai taɓa tunaninsu ba. Da wane haƙƙi yaron jiya zai ɗaure magidancin yau? Zai kuma ce talauci ma wani nau'in tilas ne, domin wanda ba shi da wata hanyar yin digiri sai wannan, amincewarsa ba ɗaya take da ta ɗan mai hali ba.

Wannan hujja tana da nauyi, kuma ba za mu ture ta da hannu ɗaya ba. Amma idan muka bi ta har ƙarshenta, za mu tarar ta rushe kowane alƙawari mai daraja a rayuwar ɗan Adam. Wanda ya ɗaura aure bai san ko matar za ta kwanta ciwo na shekara goma ba. Wanda ya karɓi riƙon maraya bai san halin da yaron zai tashi da shi ba. Da a ce gobe a bayyane take, da ba a bukaci alƙawari ba sam, lissafi kawai za a yi. Amfanin alƙawari shi ne ya riƙe mutum a ranar da abubuwa suka sauya, har son ransa ya karkata wani waje. Saboda haka ne Bahaushe ya kira shi kaya, kaya kuwa ba a jin nauyinsu a inda aka ɗauka, sai tafiya ta yi nisa.

Mafita a ganinmu ita ce mu rarrabe rashin sani gida biyu. Akwai rashin sanin da ake iya kawarwa da tambaya, akwai kuma wanda babu mai iya kawar da shi. Yawan shekarun aiki, da ranar da ake fara ƙirga su, da abin da ke biyo bayan fita kafin lokaci, da irin aikin da hafsan kowace runduna yake yi, da yadda ake raba fannoni, duk waɗannan suna cikin gida na farko. Wajibi ne a kan matashi da iyayensa su bincika su, wajibi ne kuma a kan hukuma ta bayyana su ba tare da kwaskwarima ba. In hukuma ta ɓoye su a bayan badujala, ita ce ta yi cinikin biri a sama, kuma laifin nata ne. Amma ko za a yi yaƙi, da inda za a yi shi, da wanda zai dawo, wannan yana cikin gida na biyu. Janar ɗin da ke karɓar rantsuwa bai fi yaron da ke yin ta sanin wannan ba. Alƙawarin soja a kan wannan rashin sani na biyu aka gina shi tun asali, wanda ya ɗauka kuma ya san cewa bai sani ba, ya amince a haka.

Game da talauci kuwa, ba mu ga yana warware alƙawari ba, in ba haka ba da talaka bai isa ya ƙulla komai da kowa ba, wannan kuma cin fuska ne a gare shi. Abin da talauci ke yi shi ne ya ƙara wa hukuma nauyi. Ƙasar da ta san yawancin masu amsa kiranta rashin wata hanya ce ta turo su, haƙƙinsu a wuyanta ya ninka: kada ta kai su yaƙin da ba shi da dalili, kada ta tura su ba kayan aiki, kada ta manta da iyalan waɗanda suka faɗi. Alƙawari igiya ce mai baki biyu.

Ƙofar shekara biyu

Tarihi ya ba mu wani misali da ke gwada wannan matsayi namu. Ɗaliban West Point da aka yaye a 2003 sun shiga ajin shekara ta uku a watan Agusta na 2001, wato ƙofar fita ta rufe musu 'yan makonni kafin harin 11 ga Satumba. Sun ƙulla alƙawarinsu a zamanin zaman lafiya, aka zo karɓarsa a zamanin yaƙi. Waɗanda aka yaye a 2005 kuwa sun shiga makarantar ne a tsakiyar 2001. Suna ciki aka kai harin, suna ciki aka shiga Afganistan a watan Oktoba na wannan shekara, suna ciki aka mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003. Da ranar rufe ƙofarsu ta zo a watan Agusta na 2003, babu wanda bai san inda ake tura sababbin hafsoshi ba. Duk da haka 911 daga cikinsu suka tsaya har aka yaye su. A cikinsu akwai Emily Perez, wadda nakiyar gefen hanya ta tashi da motarta a Iraƙi a watan Satumba na 2006, tana da shekara 23, aka binne ta a maƙabartar da ke cikin harabar makarantar.

Shin za mu ce alƙawarin 'yan 2005 ya fi na 'yan 2003 hawa kai, saboda su sun ga abin da ke gaba? Ba mu ga haka ba. Dukkansu abu ɗaya suka yi wa rantsuwa, wato za su tafi inda aka tura su bisa doka. Bambancin kawai shi ne, na baya sun ga an zo karɓar bashin a hannun waɗanda suka gabace su kafin su sa nasu hannun. Wannan ya ƙara wa zaɓinsu kwarjini a idonmu, amma bai rage ko ƙwayar zarra daga wajibcin na farko ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko ya ga kan kuturun kafin ya karɓi ladan ko bai gani ba, muddin an gaya masa aikin aski ne.

Wannan ƙofa ta shekara biyu, a ra'ayinmu, ita ce mafi adalci a cikin tsarin baki ɗaya, domin ita ce ziyara ta haƙiƙa. Ta mai da baƙo ɗan gari kafin a nemi ya yi rantsuwar zama. Amma ita ma tana da nata tarkon, ta fuska biyu. Akwai wanda zai shiga da niyyar ya ci karatun shekara biyu kyauta ya fice. Doka ba ta kama shi ba, amma mutunci ya kama shi, domin gurbin da ya zauna an hana wa wani wanda da gaske yake. Akwai kuma wanda ya gane tun a shekarar farko cewa wannan hanya ba tasa ba ce, amma kunyar iyaye da surutun unguwa suka sa ya zauna. Wannan na biyu ya fi ba mu tsoro, domin gobe za a damƙa masa rayukan 'ya'yan mutane alhali zuciyarsa ba ta wurin. A wajen irin wannan, fita a lokacin da aka halatta fita ita ce riƙon amana.

Iyakar alƙawari

Saura tambaya ta uku. In alƙawarin ya hau kai, shin ya haɗiye lamirin mutum gaba ɗaya? Kuma wa aka yi wa shi? Robert Lee ya fita daga West Point a 1829, har ya shugabanci makarantar daga 1852 zuwa 1855. Da yaƙin basasar Amurka ya taso a 1861, sai ya ajiye aiki ya bi jiharsa ta Virginia, ya ɗauki makami a kan tarayyar da ya yi wa rantsuwa, a ɓangaren da ke kare bautar da bayi. George Thomas, wanda shi ma ɗan Virginia ne kuma ya fita daga makarantar a 1840, ya tsaya a kan rantsuwarsa, danginsa suka yanke hulɗa da shi. Makaranta ɗaya, jiha ɗaya, rantsuwa ɗaya, amma da ranar ta zo kowa abin da ke cikin ƙirjinsa ya fitar. A wannan shekara ta 1861 aka gyara rantsuwar ɗaliban makarantar, aka fito da shi ƙarara cewa biyayya ga tarayya tana gaba da biyayya ga kowace jiha.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, makaranta tana iya koya wa mutum taku da dabarun yaƙi, amma ba ta iya yanke masa hukunci a ranar rarrabewa. Bugu da ƙari, rantsuwar hafsan Amurka ga tsarin mulki ake yin ta, ba ga wani mutum ba, kuma umurnin da doka ta wajabta wa soja ya bi shi ne wanda ya dace da doka. Ke nan iyakar alƙawarin tana cikin alƙawarin kansa. Hafsan da aka umurta ya buɗe wa fararen hula wuta, ko ya kifar da gwamnatin da ya rantse zai kare, in ya ƙi, bai karya alƙawari ba, cika shi ya yi. Abin da alƙawarin bai ba shi ba shi ne ya zaɓi wahalar da zai sha da wadda ba zai sha ba. Tsoro da gajiya da hangen aiki mai maiƙo a waje ba su cikin uzurorin da ke kwance wannan igiya.

Waiwaye gida

Tsarinmu a Nijeriya ya bambanta. Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964 kuma ta fara karatun digiri a 1985, ita kaɗai ke haɗa ɗaliban sojan ƙasa da na ruwa da na sama a inuwa ɗaya. Duk da haka zaɓin yana nan, ya sauya kama ne kawai. Matashi zai auna tsakanin rundunonin uku, ko tsakanin Kaduna da makarantar jami'an 'yan sanda ta Wudil. Ɗalibanmu na jami'a kuma, da yawansu suna da fam ɗin gajeren kwas na masu digiri a cikin lissafinsu, musamman in aikin yi ya yi wuya. Su ma abin da suka fi gani shi ne faretin yaye ɗalibai da anini a kafaɗa.

Tarihinmu ya isa ya nuna mana gida na biyu na rashin sani. Birgediya Zakariya Maimalari, wanda ya yi Sandhurst a Ingila, ya rasa ransa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda ɗaya daga cikin jagororinsa, Manjo Nzeogwu, shi ma Sandhurst ɗin ya yi. Abin da ya biyo baya a watan Yuli na wannan shekara, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya sa hafsoshin da suka yi makaranta ɗaya suka fuskanci juna da bindiga. Waɗanda suka shiga Kaduna a tsakiyar shekarun 1980 ba su san za a kai su Laberiya a 1990 ba. Laftana Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya faɗi a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016, ya sa kaki tun kafin rikicin arewa maso gabas ya ɓarke a 2009. Babu ɗayansu da aka nuna wa filin da zai tsaya a ranar da ya yi rantsuwa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa gani yana korar ji ne a kan abin da yake nan a gaban ido, amma a kan abin da ke tafe, ji daga bakin waɗanda suka riga mu ɗaukar kayan ya fi gani amfani. Saboda haka shawararmu ga mai wannan zaɓi ita ce ya juya tsarin tambayoyinsa. Ya fara da aikin: wace irin rayuwa ce zai iya ɗauka shekara biyar ko goma, ta teku ko ta ƙasa ko ta sama? Sannan ya karanta sharuɗɗan da idonsa, ya ƙirga shekarun da yatsunsa, ya ga shekara nawa zai kai ranar da zai gama biya. Sannan ya nemi hafsan da ya yi shekaru a bakin aiki, da wanda ya fita kafin ya gama, da matar da mijinta bai dawo ba, ya saurare su. Bayan duk wannan ne ziyara za ta yi masa amfani. In ya je kuma, bayan ya kalli fareti, ya roƙi a kai shi inda aka rubuta sunayen tsofaffin ɗaliban da suka faɗi a fagen fama, ya duba shekarar da aka yaye kowannensu da shekarar da ya rasu, ya ɗebe wannan daga waccan. In ya yi wannan lissafi zuciyarsa ba ta ja da baya ba, to ya sa hannu, ya kuma sani cewa daga ranar kyan alƙawari cikawa.